Libreville Garin Jami'a: Kwana Uku Da Na Bar Shago Na Zaga Da Yayana

Shekara 26 ke nan ina zaune a Libreville, ina sayar da atamfa da shadda a kasuwar Mont-Bouët. Ko tsakar dare ka tashe ni ka tambaye ni kuɗin bandir a Kwatano, zan faɗa maka ba tare da na duba littafi ba. Amma sai a watan Agustan 2025 na fara sa ƙafa cikin Jami'ar Omar Bongo, wadda nake wucewa ta bakin ƙofarta a tasi tun gemuna yana baƙi. Shi ma ba ra'ayin kaina ya kai ni ba, maganar gida ce.

'Yata ta biyu, wadda aka haifa a nan, ta ci jarrabawar bak, wato jarrabawar ƙarshe ta sakandare a ƙasashen da ke karatu da Faransanci. Tun tana 'yar shekara 14 ita ke rubuta mini shige da ficen kuɗin shago, don haka ban yi mamaki ba da ta ce ilimin tattalin arziki take so ta karanta. Na kira yayana a Maraɗi, domin tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidanmu, ba a ɗaura aure ba a raɗa suna sai da saninsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "A maido ɗiyar nan gida. In karatu ne, ga jami'a nan Maraɗi. In aure ne, ga 'yan uwa. Mi za ta yi cikin dubban samari a garin da ba mai tsawata mata?"

Na ce, "Yaya, gani ya kori ji. Ka zo ka ga wurin da idonka."

Ya ce, "Kai ka gan shi?"

Nan na yi tsit. Gaskiya ce ya faɗa. Libreville ɗin da na sani ba ta wuce gida, shago, masallaci, tashar jirgin ruwa ta Owendo in kaya sun iso, sai ofishin sabunta katin zama. Da yawanmu haka muke. Bayan 'yan makonni Yaya ya sauka a filin jirgin sama na Léon Mba, na bar wa yarona shago kwana uku, yarinyar ta shige gaba, mu biyu muna biye. Abin da muka gani ne zan kawo, ko zai amfani mai shirin zuwa, da wanda yake zaune a nan irina bai taɓa ɗaga kai ya duba ba.

Kafin ka taso

Gabon ba ta cikin ƙasashen yammacin Afirka da muka saba ratsawa da katin shaida. Tana ƙungiyar CEMAC ta Afirka ta Tsakiya, tare da Kamaru da Cadi da sauransu, saboda haka ɗan Nijar ko ɗan Najeriya sai da biza, kuma ka riƙe katin allurar shawara a hannu, za a tambaya. Kuɗinsu sefa ne, darajarsa ɗaya da sefar Nijar, amma takardar daban ce. Jikkar Maraɗi ba za ta saya maka burodi a nan ba sai ka canza ta.

Garin yana bakin tekun Atlantika, a inda kogin Komo ya buɗe baki ya shiga teku, kuma yana dab da layin da ya raba duniya biyu. Shi ya sa dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara, lokacin magariba ba ya matsawa sosai, azumi ma tsawonsa ba ya canzawa kamar a gida. Ruwan sama kuwa sai wanda ya gani: yakan kusanci milimita 3,000 a shekara, abin da Maraɗi za ta yi shekara biyar ko fiye tana tarawa. Daga Yuni zuwa Satumba ne ruwan yake ɗaukewa, gari ya yi lumshi, iska ta yi sanyi. Mai son yawo, wannan ne lokacinsa.

Sai ka shirya aljihu. Ƙasar tana da man fetur da katako da ma'adinin manganis, mutanenta sun ɗan haura miliyan 2, amma yawancin abin da ake ci daga waje yake zuwa, musamman daga Kamaru. Yaya da ya ji kuɗin albasa ƙulli ɗaya sai da ya yi salati. Tasi kuma tana da tata al'ada: direba zai rage gudu, ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, in ya yi masa ya tsaya, in bai yi masa ba ya wuce ba tare da ya tanka ba. Kada ka ɗauka wulaƙanci ne, haka ake yi wa kowa.

Ranar farko: cikin jami'a

Jami'ar tana kan babban titin Léon Mba, kusa da unguwar da ake kira Ancienne Sobraga. Da Yaya ya tambayi ma'anar sunan, yarinyar ta ce tsohon mazaunin kamfanin giya ne. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ba a fara da sa'a ba.

An kafa ta a 1970, shekara goma bayan samun 'yancin ƙasar a ranar 17 ga Agustan 1960, da sunan Jami'ar Ƙasa ta Gabon. A 1978 aka sa mata sunan shugaba Omar Bongo, wanda ya mulki ƙasar daga 1967 har rasuwarsa a 2009. Manyan tsangayoyinta biyu ne. Ɗaya ta adabi da ilimin zamantakewa, inda ake karanta tarihi, labarin ƙasa, harsuna, falsafa da ilimin halayyar ɗan Adam. Ɗayar ta shari'a da tattalin arziki, wadda 'yata take hange. Tsarin karatun hawa uku ne: digirin farko da suke kira lisans shekara 3, na biyu wato masta shekara 2, sai na dakta. Gabon da Nijar duk suna cikin hukumar CAMES mai hedikwata a Wagadugu, wadda ke kula da amincewa da takardun jami'o'i tsakanin ƙasashen da ke cikinta. Wannan magana ta shiga kunnen Yaya, har ya sa aka maimaita masa.

Da Faransanci ake koyar da komai, ban da sashen harsuna. Sai dai tun da Gabon ta shiga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a 2022, tare da Togo, Turancin Ingilishi ya ƙara daraja. 'Yan uwanmu na Kano da Zariya da Sakkwato su lura da wannan: yaron da ya tashi da Hausa a gida, Faransanci a lakwal, Ingilishi a wurin dangi, yana riƙe da jarin da ba ya ƙonewa.

Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi wa jama'arsa kaɗan. An gina shi lokacin da ɗalibai ba su da yawa, yanzu sun ninka sau da dama. A manyan ɗakunan lacca na 'yan shekarar farko, wanda bai yi sammako ba tsaye zai saurara. Yajin aiki ma yakan faru, na malamai ko na ɗalibai, kamar yadda muka saba ji a Najeriya da Nijar, kuma yakan ja shekarar karatu ta zarce lokacinta. Tallafin karatu na gwamnati na 'yan ƙasa ne, don haka ɗan baƙo a aljihun ubansa yake.

Muna zaune ƙarƙashin wata bishiya yarinyar ta ba mu labarin Janairun 1990, lokacin da ɗaliban wannan jami'a suka fara bore, ma'aikata suka biyo baya, har aka kira babban taron ƙasa a watannin Maris da Afrilu, wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. Yaya ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "A shekarar nan ce, ran 9 ga Fabrairu, anka harbe ɗalibai uku bisa gadar Kennedy a Yamai. Ina saurayi sa'annan. Shi ya sa in anka ce jami'a, gabana ke faɗuwa." Sai a lokacin na gane ba maganar samari kaɗai ke cin sa ba.

Abin da ya ɗan sanyaya masa rai shi ne ganin 'yan mata biyu da hijabi sun fito daga wani ofis da takardu a hannu. Ya yi musu sallama, suka amsa, ɗaya ta durƙusa ta gaishe shi da Hausa tsantsa. 'Yar Oyem ce. Ga wanda bai sani ba, akwai Hausawa 'yan asalin Gabon, waɗanda kakanninsu suka gangaro ta Kamaru da fatauci fiye da shekara ɗari da suka wuce, suka zauna a arewacin ƙasar, a Oyem da Bitam da Minvoul. Yaya ya tambaye ta yadda take yi da salla da komawa gida, ta ba shi amsa a natse. Da suka wuce ya ce, "Wagga uwatta ta yi tarbiyya."

Makarantun da muke kiran sunansu ba mu san su ba

Duk ɗan kasuwar Libreville ya san mahaɗar IAI. Sau dubu na ce wa direba "IAI, ɗari biyar", ban taɓa tambayar mene ne IAI ba. Ashe makarantar koyon ilimin kwamfuta ce ta ƙasashen Afirka 11, aka yanke shawarar kafa ta a 1971 a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, aka ajiye hedikwatarta a Libreville. Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa ta, tare da Cadi da Kamaru da Benin da Togo da Senegal da sauransu. Yaya ya ce, "Wato muna da gado a garin ga ba mu sani ba."

Mai son likitanci, Owendo zai nufa, kudu da gari, inda Jami'ar Kimiyyar Lafiya take tun 2002. Can ake horar da likitoci da masu haɗa magani da ungozoma. A cikin Libreville akwai babbar makarantar horar da malamai ta ENS, da ta malaman fasaha ENSET, da cibiyar INSG ta ilimin gudanar da kasuwanci da lissafin kuɗi, wadda ya kamata 'ya'yan 'yan kasuwa su san da zamanta. Makarantu masu zaman kansu ma sun yi yawa, amma kafin ka biya ko dala, ka tabbatar gwamnati ta amince da takardar da suke bayarwa.

Kimiyya da injiniyanci da aikin gona kuwa suna Franceville, can kudu maso gabas, a Jami'ar Masuku da aka buɗe a 1986. Jirgin ƙasa na Transgabonais, wanda shi ma a shekarar aka kammala shimfiɗa shi, yana tashi daga Owendo ya ratsa kurmi fiye da kilomita 600 kafin ya isa. Layin nan ne ke sauko da manganis daga Moanda da katako zuwa bakin teku. Da Yaya ya ji nisan, ya ce mu gode Allah da ba injiniya ta ce za ta zama ba.

Ranar biyu: bakin teku da Juma'a

Da safe muka bi babban titin bakin teku. A nan ne yarinyar ta zuba mana tarihin da ta koya a lakwal. Mutanen farko a wannan gaɓa su ne Mpongwe. A 1839 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Bouët-Willaumez, ya ƙulla yarjejeniya da sarkinsu Denis Rapontchombo. Daga sunan hafsan nan aka samo Mont-Bouët, kasuwar da nake ci nake sha a cikinta shekara 26. Unguwannin Louis da Glass su ma sunayen sarakunan Mpongwe ne. A 1846 Faransawa suka kama wani jirgin cinikin bayi mai suna Elizia, suka kai mutanen da ke ciki Senegal, sannan a 1849 aka kawo wasunsu nan aka zaunar da su. Sunan Libreville ke nan, garin 'yantattu, kamar Freetown ta Saliyo.

A Glass akwai wurin da ake kira Baraka, inda 'yan mishan na Amurka suka sauka a 1842 suka buɗe makaranta. Yaya ya ji sunan ya yi murmushi, ya ce ko ba komai wurin yana da suna mai albarka. Yarinyar ta ce, "Baba Alhaji, ba daga Larabci ba ne. Daga kalmar Turawan Fotugal ce, ta rumfar da ake tsare bayi kafin a sa su jirgi." Murmushin ya ɓace. Ya ce, "Allah mai iko. Inda anka ɗaure mutane, nan anka fara koya musu karatu."

Daga nan muka shiga gidan tarihi na ƙasa. Da farko Yaya ya ja baya, ya ce shi bai zo kallon gumaka ba. Na ce mu ma a gidan tarihi na Yamai akwai kayan kakanni, ba bauta ake zuwa yi ba. A ciki akwai fuskokin katako farare na ƙabilar Punu, da sassaƙen Fang, da na Kota da ake lulluɓe su da tagulla da jan ƙarfe, da garayarsu mai suna ngombi. Irin waɗannan sassaƙe suna cikin kayan Afirka mafi tsada a kasuwannin Turai. Jinin kasuwa bai bar Yaya ba, nan da nan ya matso yana tambayar nawa-nawa.

Juma'a a masallacin Hassan II muka yi ta, kusa da fadar shugaban ƙasa. Maroko ce ta gina shi, aka buɗe a 1983, shekara goma bayan shugaba Bongo ya musulunta ya bar sunan Albert-Bernard ya koma Omar. Musulmi tsiraru ne a Gabon, kuma da yawansu baƙi ne. A sahu ɗaya za ka ga ɗan Mali da ɗan Senegal da ɗan Benin da Bahaushe da Balarabe da ɗan ƙasa. Bayan an sallame Yaya ya haɗu da mutanen Tasawa da na Madawa da ya yi shekaru bai gani ba, sai da na ja hannunsa.

Da la'asar muka biya ta Nkembo. Can akwai cocin Saint-Michel, wanda ya shahara da ginshiƙai 31 na katako, kowanne an sassaƙe shi daga ƙasa har sama da labaran littafinsu. Daga waje ma ana ganin aikin. Yaya, wanda ya san darajar aikin hannu, ya tsaya ya duba sosai, ya ce wanda ya yi wannan ya ci kuɗinsa da halali.

Ranar uku: kurmi da teku

Niyyarmu mu tsallaka Pointe Denis, gaɓar da ke fuskantar Libreville, wadda aka sa wa sunan sarki Denis. Tafiyar kamar rabin awa ce a kwalekwale mai inji. Can akwai farin yashi da gandun daji na Pongara, ɗaya daga cikin gandaye 13 da gwamnati ta keɓe a 2002. Daga Nuwamba zuwa Maris manyan kunkurun teku suna fitowa da dare su yi ƙwai a yashin, daga Yuli zuwa Satumba kuma akan hango manyan dabbobin ruwan nan da suka fi giwa girma suna wucewa. Yaya ya dubi kwalekwalen, ya dubi faɗin ruwan, ya ce, "Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ku gaida su." Dole muka canza hanya.

Sai muka yi arewa ta mota, hanyar Cap Estérias. A Angondjé muka wuce filin ƙwallon da China ta gina, inda Zambiya ta ci kofin Afirka a 2012 bayan ta doke Kodebuwa a bugun fanareti. Masu bin ƙwallo sun san dalilin da ya sa 'yan Zambiya suka yi kuka a daren nan: a gaɓar wannan gari ne jirgin 'yan wasansu ya faɗa teku a watan Afrilun 1993, ba wanda ya tsira. A filin nan kuma Kamaru ta doke Masar da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na 2017.

Gaba kaɗan sai kurmin Mondah, inda aka keɓe wani sashe da sunan Raponda-Walker. André Raponda-Walker, wanda ya rayu daga 1871 zuwa 1968, shi ne ɗan Gabon na farko da ya zama limamin Katolika, ya rubuta ƙamus na harshen Mpongwe da babban littafi kan tsirran ƙasar masu amfani. Mun shiga da ɗan jagora. Mutumin Sahel bai san bishiya ba sai ya shiga nan. Sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi kafin ka ga reshen farko. Jagoran ya nuna mana okume, bishiyar da ake yin falankin filawud da ita, ya ɗebo ƙaronta ya kunna, ta kama kamar fitila, ga ƙamshi. Tun 2010 gwamnati ta hana fitar da gungumen katako ɗanye, sai an sarrafa shi a cikin ƙasa, shi ya sa masana'antu suka taru a Nkok, kan hanyar fita gari. Kusan kashi 88 cikin ɗari na ƙasar kurmi ne. A Cap Estérias ɗin akwai makarantar ENEF, inda ake koyon kula da daji da ruwa. Yaya ya ce da za a samu yaro ɗaya daga cikinmu ya koyo wannan ya koma ya duba dajin Baban Rafi, da an gode masa.

Maganar ciki kuwa, baƙo ba zai sha wuya ba. Da yamma akwai gasasshen naman da suke kira kupe-kupe, wanda yawancin masu yin sa mutanenmu ne na yammacin Afirka. Akwai kifi ɗanye daga teku, da kazar nyembwe da ake dafawa da romon kwakwar manja, da ganyen rogo, da curin rogo da ake naɗewa cikin ganye. Sai dai ka san inda kake ci, domin naman alade da naman daji suna yawo a gidajen abinci. Tambaya ba ta ɓata komai.

Daren ƙarshe

Bayan isha muka zauna a tsakar gida, ni da Yaya da uwar yaran a gefe. A cikin watan nan na Agusta ne majalisar ministocin Gabon ta ba da sanarwar keɓe wa 'yan ƙasa wasu ƙananan sana'o'i, ta hana baƙi yin su, irin su ƙananan tireda na unguwa, da gyaran waya, da aski da kitso na bakin titi. Duk majalisar da ka je a lokacin, zancen ke nan. Yaya ya sa aka kira yarinyar ta karanta masa sanarwar daga wayarta, ta fassara masa layi-layi.

Da ta gama ya ce, "To ka ji. Ƙasar da ta ce kada ka saida sabulu a unguwa, ita za ta ba ɗiyarka kujera a ofis?"

Ban yi masa gardama ba, domin tambayar tana da nauyi. Aikin gwamnati na 'yan ƙasa ne, kamfanoni ma su ake fara dubawa. Na ce, "Yaya, watakila ba za su ba ta ba. Amma dubi ni. Duk abin da na tara yana cikin rumfa ɗaya, a kasuwar da gobara ta sha tashi, a ƙasar da doka za ta iya canzawa kafin gari ya waye. In an ce mu tafi gobe, rumfa ba ta shiga jirgi. Abin da ke cikin kan yarinyar nan yana shiga. Kuma shekara 26 ina biyan wasu su karanta mini takardar kwastan da ta haraji da ta haya, ina sa hannu a abin da ban sani ba. Yanzun nan wa ya karanta maka dokar?"

Ya ce, "Ai a Maraɗi ma ana karatun."

Nan ma gaskiyarsa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana nan tun 2010, ga ta Abdou Moumouni a Yamai. Sai uwar yaran, wadda ba ta ce uffan ba tun zuwansa, ta ce, "Yaya, a can a gidan wani za ta zauna. A nan kullum a ɗakina za ta kwana, ni zan ga fitarta in ga shigowarta." Yaya ya daɗe yana jan carbi.

Ga abin da aka tsayar. Za ta yi lisans ɗinta shekara 3 a nan, daga gida za ta riƙa zuwa, ba zaman ɗakin kwanan ɗalibai. Ranar da aka fara bore, ba ta fita. Duk babban hutu, in hali ya yi, za ta je Maraɗi ta zauna da dangi, don kada ta zama baƙuwa a gidan ubanta. Bayan shekara ukun a sake zama. Maganar aure Yaya bai janye ta ba, ya dai ɗage ta, kuma ya faɗa a gabanta. Ita ma ba ta samu duk abin da take so ba, domin tana hangen masta tun yanzu. Ta durƙusa ta yi godiya, ya sa mata albarka.

Da safe muna shirin tafiya filin jirgi ya ce ta rubuta masa cikakken sunan makarantar kwamfutar nan a takarda. Ya ninke ya sa a aljihun gaba. Bai ce don wa ba, ni ma ban tambaya ba, amma na san yana da ɗa a ajin ƙarshe.

Ga 'yan uwana

Ba cewa nake kowa ya kai ɗansa Jami'ar Omar Bongo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani gida komawa Kano ko Yamai ya fi masa, wani yaron kasuwa ce ta karɓe shi, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da nake roƙo shi ne kada mu yanke wa yaro hukunci a kan wurin da ba mu taɓa takawa ba. Ko a Libreville kake, ko Duwala, ko Kumasi, ko Abijan, akwai wata ƙofa da kake wucewa kullum a mota. Ka ware yini ɗaya, ka sa ɗanka ko 'yarka gaba, ka shiga. Ka tambayi kuɗin rajista da bakinka, ka ga ɗakin karatun, ka nemi 'ya'yan Musulmi da ke ciki ka ji yadda suke yi. Ka kuma tattara takardun yaro tun da wuri, ta haihuwa da sakamakon jarrabawa da katin zama, domin ranar rajista ba ranar neman takarda ba ce.

Ni dai kwana ukun nan sun ci mini ciniki, yarona ma ya yi mini kuskuren ba da bashin turmi huɗu. Ban yi da-na-sani ba. Yanzu in tasi ta biyo da ni ta titin Léon Mba nakan leƙa ta taga, ko zan hango ta cikin masu fitowa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa abin da za su koya ya amfane su duniya da lahira, ya mayar da kowane matafiyi gida lafiya. Amin.